Yoyon da Ba Ya Jiƙa Ƙasa

Duk wanda ya ratsa fadamun ƙasar Gobir da rani, tun daga Isa har zuwa Sabon Birni, ba zai rasa jin kukan injunan ban-ruwa ba, domin kuwa su ne suka gaji jigo, kamar yadda babur ya gaji jaki a hanyar kasuwa. Gatawa tana cikin wannan yanki, inda gulaben Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama gulbin Rima, kuma arzikinta na rani a fadama yake kwance. Idan damina ta wuce gulbi ya janye, ruwa ba ya yin nisa. Yana nan ƙarƙashin yashi, 'yan gabobi kaɗan daga tafin ƙafar manomi. Aikin mai garka tun kaka da kakanni shi ne ya san dabarar da zai hawo da wannan ruwa zuwa ga albasa da tumatir da attaruhu.

A da, jigo ne da guga da ƙarfin damtse. Cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona suka fara yaɗa rijiyar bututu da ƙaramin injin fetur, sa'an nan shirin Fadama na ƙasa, wanda aka fara a 1993 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara watsa su a ko'ina. Ba a musun alherin da wannan ya kawo, don injin mai baki inci uku, idan sabo ne kuma ruwa na kusa, yana iya fitar da wajen lita dubu a minti guda, abin da mai jigo zai daɗe yana gumi kafin ya tara. Amma fa an raba ƙarfe ne, ba a raba ilminsa ba. An nuna wa manomi inda ake zuba mai da inda ake jan igiya, aka bar shi ya gano sauran da kansa. Shi ya sa har yau, da zarar ruwa ya ragu a bakin tiyo, maganar farko da ke fitowa daga bakin mafi yawan mutane ita ce injin ya lalace.

Akwai wani dattijo a fadamar Gatawa wanda ba ya yarda da wannan magana sai ya ga shaida. Bai taɓa zama a garejin kowa ba, bai kuma yi boko ba. Da jigo ya buɗe ido a garkar mahaifinsa, ya sayi injinsa na farko yana magidanci, kuma a cikin shekaru talatin da ɗoriya ya kashe kuɗi masu yawa wurin makanikai kafin ya lura cewa rabin abin da yake biya na gyaran abin da bai lalace ba ne. A ganinsa, abin da ake kira injin ban-ruwa abu biyu ne aka ɗaura wa aure. Akwai mai wuta, wato wanda ke shan fetur yana juyawa, akwai kuma mai ruwa, wato tukunyar ƙarfen da farfela ke ciki. Mai wuta shi ke da kuka da hayaƙi, saboda haka shi ake ɗora wa laifi, a kwance fulogi, a wanke kafireto, alhali kuwa sau da yawa laifin ba nasa ba ne, ba ma na mai ruwan ba ne, yana can jikin roba ko cikin rijiya.

Wannan sani nasa, wanda a da maƙwabta suke ɗauka tsumulmular tsoho ce kawai, ya zama abin nema a 'yan shekarun nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, ɗaukar inji a bayan babur zuwa wurin makaniki ya daina zama ƙaramar shawara. Mutane da yawa sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi tun daga 2019, cikinsu har da masu sana'ar hannu. Hanyar da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, cikin watan Yuli na 2024, har ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi cikin watan Agusta, Allah ya jiƙansa, ba hanya ce da talaka zai hau saboda zato ba. Ga kuma tsadar mai. Da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Injin da ke shan mai cikakke yana ba da rabin ruwa, ɓarawo ne zaune a garka.

Wata safiya cikin watan Maris, lokacin da albasa ta fara yin kai, wato lokacin da ƙishin 'yan kwanaki yake iya rage amfanin shekara, ɗan ƙanen dattijon ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, injin nan ya mutu. Sai a kai shi Isa.”

Dattijo ya ce, “Mi kaj ji, mi kag gani?”

Ya ce, “Ruwa bai zuwa awa da. Fangalin da muka cikawa nan da nan, yanzu sai mun gaji da tsayuwa.”

Dattijo ya ce, “Matacce bai kuka, yaro. Mu tai ka tada shi in ji.”

Da suka isa garka bai nufi injin ba. Daga bakin fangali ya fara, ya bi doguwar mesar da ke kai ruwa yana tafiya a hankali, idonsa a ƙasa. Dalilinsa shi ne, a wannan ɓangare ruwa turo shi ake yi, don haka duk inda roba ta huje sai ruwa ya fito ya tona asirin kansa: ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta yi kore inda bai kamata ba. Ya sami huji ɗaya ƙarami, ya naɗe shi da robar tsohon tub na babur. Ruwa bai ƙaru da wani abin kirki ba, shi ma bai sa ran zai ƙaru ba. Ya dawo bakin mesa ya tsuguna yana kallon yadda ruwan ke fita. Ba ya zuwa a miƙe. Sai ya zo da ƙarfi, ya yanke, ya yi tari, ya tofo kumfa, sa'an nan ya sake zuwa. Ya kuma kasa kunne ga kukan injin, ya ji shi sakayau, kamar jakin da aka sauke wa kaya. Injin da ke da ciwo a jikinsa yakan yi nishi, ya yi hayaƙi, ya nemi mutuwa. Wannan kuwa lafiyarsa lau, aiki ne bai samu ba. Dattijo ya miƙe ya ce, “Shina shan iska.”

A nan ya kamata a dakata kaɗan a dubi harshe, don wani ɓangare na ruɗanin daga harshe yake. Bahaushe yakan ce inji yana jan ruwa, kamar yadda ake jan guga, kuma idan ya ce yoyo, abin da yake nufi shi ne ruwa ya tsiyaye daga ciki zuwa waje, kamar yoyon ɗaki ko na tulu. Duka biyun ba su dace da abin da ke faruwa tsakanin rijiya da bakin inji ba. Farfela ba ta da hannun da za ta ja ruwa. Abin da take yi, tana juyawa wajen sau 3,600 a minti, shi ne ta watsar da ruwan da ke cikin tukunya zuwa waje, sai wurin ya zama fanko. Iskar duniya kuwa tana da nauyi, tana danne fuskar ruwan da ke ƙasa, to wannan nauyi ne yake tura ruwa ya hau tiyo don ya cike fankon. Ashe ke nan a cikin tiyon rijiya matsi bai kai na waje ba. Idan akwai tsaga a jikinsa, ruwa ba zai fito ba, iska ce za ta shiga. Yoyo ne na gaskiya, amma juyayye, ba ya ɗiga, ba ya jiƙa ƙasa, mai nemansa da ido zai wuni bai gan shi ba. Hausa ba ta tanadi kalma domin irinsa ba, sai dai “shan iska” da dattijon ya ce, wadda a bakin wani take nufin yawon hutawa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da wuya a sami inda karin maganar nan ya zauna daram kamar a jikin tiyo.

Wannan al'amari ya taɓa ɗaure wa masana kai a Turai. A cikin littafin da ya fitar a 1638, Galiliyo na ƙasar Italiya ya kawo labarin cewa famfon tsotso ba ya iya hawo da ruwa fiye da wani tsayi, kome kyansa, wato wajen mita goma. Almajirinsa Toriceli ne ya warware matsalar bayan 'yan shekaru, da ya cika bututun gilashi da zaiba ya kifa shi, ya ga zaibar ta tsaya a wajen santimita 76, ya gane cewa nauyin iska ne ke riƙe da ita. Zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da sau goma sha uku, shi ya sa abin da ya zama santimita 76 gare ta ya zama mita goma da 'yan kai ga ruwa. Wannan kuwa a lissafi ne. A aikace ƙaramin inji irin na fadama ba ya wuce mita bakwai zuwa takwas, kuma tun kafin a kai nan ruwansa yake raguwa. Dattijon Gatawa bai taɓa jin sunan waɗannan mutane ba, amma ya san cewa idan ruwa ya nutse ya wuce gaba huɗu, ko injin da aka ciro daga kwali yau ba zai taɓuka kome ba.

Sanin cewa iska na shiga ba shi ne sanin ƙofar da take bi ba, kuma a nan ne haƙurin mutum yake bayyana. Ƙofofin suna da yawa: murfin da ake ɗura wa tukunya ruwa, idan robarsa ta mutu, mahaɗin tiyo da bakin inji, mahaɗinsa da bututun rijiya, jikin tiyon kansa, da kuma sil, wato zoben da ke tare ruwa a inda sandar inji ta shiga tukunya. Dattijo ya kashe injin, ya leƙa ƙarƙashi, tsakanin mai wuta da mai ruwa, inda sil yakan ɗiga in ya gaji. Wurin a bushe yake. Ya sa aka cire tiyo, ya cika tukunya da ruwa, ya ɗaure murfi, aka tada injin, ya ɗora tafin hannunsa a bakin da tiyo ke shiga. Nan take bakin ya kama hannun ya riƙe gam. Ya ce wa yaron ya ɗora nasa, don ya san yadda kamun lafiyayyen inji yake. Da wannan gwaji guda, wanda bai ci ko kwabo ba, an wanke injin gaba ɗaya, tafiya Isa kuma ta faɗi.

Saura tiyo da rijiya. Ya ɗaura tsakuwa a igiya ya zura cikin bututu har ya ji ta taɓa ruwa, ya jawo ya auna da hannuwansa: gaba uku. Ruwan ya yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da watan Janairu, amma bai fi ƙarfin inji ba. Aka mayar da tiyo, aka sake tayarwa. Sai ya kwaɓa laka mai danƙo ya shiga shafa ta wuri-wuri, yana farawa daga mahaɗai, bayan kowace shafa kuma ya tsaya ya saurara. Ya shafe mahaɗin rijiya, ba abin da ya sake. Ya shafe na bakin inji, haka nan. Ya bi jikin tiyon taƙi bayan taƙi, har ya iso wani lanƙwaso, kamu guda daga bakin inji, inda rana ta fi duka kuma nauyin tiyon ya fi ja. Yana shafa laka a nan sai kukan injin ya yi nauyi, tarin ya tsaya, ruwa ya cika bakin mesa. Da aka wanke wurin aka lanƙwasa robar, sai ga tsaga a cikin kwarin da ke tsakanin zobba biyu, ba ta kai tsawon farce ba. Aka yanke ɓangaren da ya mutu, aka tsoma bakin cikin ruwan zafi ya yi laushi, aka cusa, aka ɗaure da ƙarfe da roba. Kafin azahar an shayar da fangali goma sha biyu.

Yaron ya yi tambaya mai ma'ana, ya ce tiyon nan ai tun farkon rani yake haka, me ya sa sai yanzu? Amsar ita ce, mai yiwuwa tsagar ta daɗe, amma sa'ad da ruwa yake kusa tsotson da ake bukata kaɗan ne, iskar da ke shiga ba ta isa ta hana aiki ba. Da ruwa ya yi ƙasa tsotso ya ƙaru, tsagar ta buɗe baki, ta sha iska fiye da da. Sanadi biyu ne suka haɗu, kowanne shi kaɗai bai isa ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum abu guda ne ke tsamar da shi ba, kuma mai gyaran da ya tsaya a kan sanadin farko da ya gani yakan dawo gobe.

Abin sha'awa ne a ga cewa mutanen ƙasashen sanyi suna fama da ɗan'uwan wannan ciwo a cikin gidajensu. A Ingila gidaje da yawa suna da tukunyar gas wadda ke dafa ruwan wanka, ta kuma zagaya da ruwan zafi cikin bututu don ɗumama ɗakuna. Ruwan ɗumamar a rufe yake, ba ya fita ba ya shiga, kuma akwai ɗan agogo a gaban tukunyar mai nuna matsinsa, wanda ake so ya zauna tsakanin bar ɗaya da ɗaya da rabi idan ta huce. Bar ɗaya kuwa kusan daidai yake da nauyin iskar nan da ke hawo da ruwa a rijiyar Gatawa. Idan allurar agogon ta riƙa sauka, mai gida ya san ruwa yana zurarewa a wani wuri, sai a bi mahaɗan bututu, a duba bawul ɗin da ke buɗewa idan matsi ya kai bar uku, a duba tulun da ke karɓar kumburin ruwa in ya yi zafi. Su ma sukan sha wuya da yoyon da ba a gani, wanda ke ɗiga a kan bututu mai zafi ya bushe kafin ya kai ƙasa. Bambancin shi ne Bature yana da allura mai gaya masa, yana kuma da mai gyaran da zai kira ya zo har gida. Manomin Gobir kunnensa ne agogonsa, tafin hannunsa ne allurarsa.

Ba kowace raguwar ruwa ce shan iska ba, kuma dattijon ba ya cewa haka. Idan inji ya fara da ruwa mai kyau, bayan ɗan lokaci ya shiga tari, aka kashe shi aka huta, aka tayar ya sake farawa da kyau, to rijiya ce take gaza biya, ana ɗiba fiye da yadda take tsattsafowa. Maganinta a rage wuta a bi ta a hankali. Idan aka ji kamar ana niƙa tsakuwa a cikin tukunya alhali ba tsakuwa, to ruwa ne ba ya isowa yadda ya kamata, ko rariyar ƙasa ta toshe, ko tiyo ya yi laushi da zafin rana ya shaƙe kansa, kuma barin inji a haka yana cinye farfela. Idan kuwa ruwa yana zuwa a miƙe, ba kumfa ba tari, amma siriri, kamun hannu kuma ya yi sanyi, to yashi ya gama lashe farfela, sai sabuwa. Sil kuma, wanda fuskokinsa biyu na gawayi da tangaran suke gugar juna, ruwa ne ke sanyaya shi, saboda haka yaron da ya tada inji bai ɗura wa tukunya ruwa ba yana iya ƙone shi cikin 'yan mintoci. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka cancanci a hau hanya dominsu, shi ma sai ranar kasuwa, cikin ayari.

Ruwa bai daina yin ƙasa ba, don haka yake yi kowace shekara har damina ta faɗi. Cikin watan Afrilu igiya ta nuna ya doshi gaba huɗu, kuma babu wata laka ko roba da za ta yi maganin wannan. Dattijo ya tara yaran gida suka haƙa rami a gefen rijiya, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, suka yanke bututu, suka saukar da injin a ciki don ya kusanci ruwa, tun da yake turawa sama ba ta yi masa wuya kamar tsotsowa. Sharaɗi guda ya kafa musu, cewa kada kowa ya zauna cikin ramin inji na aiki, ko da neman inuwa, domin hayaƙin fetur yakan taru a wuri irin wannan ya kashe mutum ba tare da ya ji warin kome ba. Da haka aka ƙarasa shayar da abin da ya rage a garka. Bayan an cire albasa an kai rumbu, aka fito da injin, aka zubar da ruwan tukunya da sauran man tanki, aka naɗe tiyon a sassauce ba tare da an karya shi ba, aka rataye shi a zaure inda rana ba ta kaiwa.